Ba a Zubar da Ita a Teku

Mu bakwai ne, kowace Alhamis,
a ɗakin da ke saman ofishin masunta a Valparaíso.
Taga na kallon tashar jiragen ruwa,
butar shayinmu kuwa ta riga kowa tuba.

Fresia ce ta kawo littafin.
Gari duk ya ɗauka, har direbobin bas na karantawa:
labarin wani malamin makaranta da kwalba ta cinye.
Guda ɗaya muka samu, ya zaga hannu bakwai,
ya dawo da tabon shayi da ƙarnin kifi,
da layin fensir a shafi na ɗari biyu da sha ɗaya,
inda mutumin ya ɓoye kwalba a tankin bayan gida,
ya saki famfo don matarsa ta ɗauka hannu yake wankewa.
Kowa ya rantse ba shi ya ja layin ba.
Ni ne.
Shekara tara tankin gidana bai kwana da ruwa zalla ba.

Da aka mai da shi fim muka yi karo-karo.
Nibaldo ya ɗaura taye kamar mai zuwa kotu.
Muka jeru a sahu na biyar, gugguru a cinya.

Ɗan wasan kyakkyawa ne, haƙoransa ba giɓi.
Hannunsa na rawa, amma rawa mai ladabi,
irin wadda ake koyo a gaban madubi.
In ya tsiyaya, haske ya ratsa kofin
kamar zuma, kamar la'asar sakaliya,
sai na ji maƙogwarona ya kira ni da sunan yarinta.
Na damƙe hannun kujera.
Fresia ba ta dube ni ba,
tafinta kawai ta ɗora a gwiwar hannuna
ta bar shi nan har kofin ya bar allo.

Babu tanki a fim ɗin. Babu amai cikin takalmi.
Babu 'yar da ta daina ɗaga waya.
Daren kuka ɗaya suka ba shi, da ruwan sama, da kiɗa mai taushi,
sannan ya hau dutse da asuba
ya tuttule kwalbar cikin teku.
Mutane suka tafa.

Nibaldo ya ce, da ƙarfi, har na baya suka yi tsaki:
"Ba a zubar da ita a teku.
Shanyewa ake yi, a yi kuka,
gobe a koma ƙirga daga ɗaya."

Littafin ba haka ya ƙare ba.
A littafin wata Talata ce kawai,
mutumin ya wanke kofi, ya kife shi,
ya dubi agogo: ƙarfe huɗu,
saura awa takwas ranar ta shiga lissafi.
Marubuciyar ta san wani. Ko kuwa ita ce wanin.

Muka fito. Hanyar gida matakala ce, ɗari da sittin,
da mashaya uku a gefe, duk sun san takuna.
A ta biyu aka buɗe ƙofa,
warin ya fito ya tare ni
kamar tsohon abokin da ke bina bashi.

Eleuterio, da bai ce uffan ba tun wurin tikiti,
ya tsaya yana haki, ya ce shi fa fim ɗin ya yi masa rana.
Jikarsa ta gani. Jiya ta kira shi,
karo na farko tun tana firamare,
ta ce, "Kaka, ashe haka abin yake?"
"Na ce mata ba haka ba ne,
amma ta zo ran Lahadi."

Ba wanda ya yi musu.
Muka ci gaba da hawa.
Nibaldo ya kwance taye ya cusa a aljihu.

A gida na ɗaga murfin tankin, don in gani kawai.
Ruwa ne.
Na zauna a bakin gado da fensir
har sha biyu ta buga,
sannan na rubuta a kalanda:
dubu ɗaya da arba'in da shida.